Jirkicewar Sigina a Amfilifayar Rediyon Sha'awa: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Tsakure

Maƙalar nan bayani ce a kan wata matsala da ta daɗe tana addabar masu rediyon sha'awa, wato jirkicewar sigina a cikin amfilifayar da ke ƙara wa muryarsu ƙarfi kafin ta hau eriya. An ɗauki amfilifaya samfurin Heathkit SB-220 a matsayin abin misali, saboda daɗewarta a hannun jama'a da kuma sauƙin tsarinta. An nuna cewa jirkicewa tana aukuwa ne a duk lokacin da abin da ya fita ya daina bin gwargwadon abin da ya shiga, kuma galibi hannun mai na'urar ne sanadi tun kafin a kai ga lalacewar wani sashe. Daga nan aka bi matakan bincike, tun daga tantance rahoton mai saurare har zuwa buɗe murfin na'urar. Keɓaɓɓun kalmomin da aka yi amfani da su an bayyana kowacce a inda ta fara fitowa.

1.0 Gabatarwa

Rediyon sha'awa fage ne na sadarwa da dokokin duniya suka ware wa mutanen da ke son ilimin rediyo don kansa, ba don kasuwanci ba. Mai lasisi yakan kafa tasharsa a gida, ya yi magana da takwarorinsa na wasu nahiyoyi a kan gajeren zango. Ƙungiyar da ta haɗa su a duniya, wato IARU, an kafa ta a birnin Paris a shekarar 1925. Kowace ƙasa tana da harufan da lambar kiran 'ya'yanta ke farawa da su: 5N na Nijeriya ne, 5U na Nijar, 9G na Ghana, TJ kuma na Kamaru.

Filin da aka ba su ba shi da yalwa. Zangon mita 20, alal misali, ya fara ne daga megahaz 14.000 ya tsaya a 14.350. Wannan kilohaz 350 shi duniya gaba ɗaya take rabawa, alhali kowace murya guda tana bukatar gurbi mai faɗin kusan kilohaz 3. A cikinsa ne kuma aka keɓe kewayen 14.300 don kiran gaggawa, inda jirgin ruwan da ya shiga haɗari ko yankin da bala'i ya yanke wa layukan waya kan nemi agaji. Idan amfilifayar mutum guda ta jirkita, muryarsa takan tsallake gurbinta ta fantsama hagu da dama, ta binne raunanan muryoyin da ke maƙwabtaka da ita. Abin da ya ƙara wa lamarin wuya shi ne mai laifin ba ya jin ɓarnarsa, domin a lokacin da yake aikawa, ɓangaren karɓa na rediyonsa a rufe yake. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe. A wannan fage kuwa tsarin na'urar ne da kansa ya ɗora mutum a kan tudun nasa.

2.0 Abin da ake nufi da jirkicewa

Gidajen rediyon da ake kamawa a gajeren zango suna aika murya ne a kan wata igiya mai ɗauke da ita, wadda za a kira igiyar dako, tare da fukafukai biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kowannensu yana ɗauke da cikakken saƙon. Tun a 1915 John Carson ya nuna cewa ana iya jefar da igiyar dako da fiffike guda, a aika ɗayan shi kaɗai. Wannan salo mai fiffike ɗaya, wanda ake taƙaita sunansa da SSB, masu rediyon sha'awa sun fara gwada shi gadan-gadan a 1947, kuma shi ne a yau ya mamaye maganar baka a gajeren zango.

Sai dai salon yana da sharaɗi. Tunda babu igiyar dako, ƙarfin siginar yana hawa da sauka ne tare da murya: idan mai magana ya yi shiru babu abin da ke fita, idan ya ɗaga murya sigina ta kumbura. Ke nan saƙon yana cikin siffar wannan hawa da sauka. Dole ne amfilifaya ta kiyaye gwargwado. Idan tana ninka ƙarfi sau goma, to wat 1 ya zama 10, wat 50 ya zama 500, wat 100 ya zama 1,000. Amfilifayar da ta cika wannan sharaɗi ita za a kira miƙaƙƙiya, domin idan aka zana abin da ya shiga da abin da ya fita a kan jadawali, miƙaƙƙen layi ake samu. Jirkicewa ita ce lanƙwasar wannan layi, ko dai a can ƙololuwa inda na'ura ta ƙure ƙarfinta, ko a gindi inda ba ta farka da wuri ba.

Lanƙwasar takan haifar da siginoni iri biyu waɗanda babu su a cikin abin da aka shigar. Na farko su ne ninke-ninke, kuma masu nazarin furuci sun san su a muryar ɗan'adam. Wanda ke aikawa a megahaz 7.1 zai iya ɓulla a 14.2 da 21.3. Waɗannan suna da sauƙin magani, saboda sun yi nisa da siginar asali, kuma matacin da ke bakin fitar amfilifaya yana tare mafi yawansu. Dokar Amurka ta tanadi cewa a ƙasa da megahaz 30 irin wannan ɓaraka ta kasance ƙasa da siginar asali da aƙalla desibel 43.

Iri na biyu shi ne mai tayar da hankali, kuma a nan za a kira su 'ya'yan cuɗanya. Murya ba sauti guda ba ce, tarin sautuka ne, kuma idan suka ratsa lanƙwasasshen layi sai su cuɗanya da juna su haifi wasu. Lissafin ya fi fitowa fili da sauti biyu kacal. A ɗauka an saita rediyo a kilohaz 14,200 a kan fiffiken sama, aka shigar masa da sauti mai kaɗawa 700 a daƙiƙa da wani mai 1,900. Abin da ya kamata ya fita shi ne sigina biyu, ɗaya a 14,200.7 ɗaya a 14,201.9. Idan akwai lanƙwasa, ninki biyu na ta farko a debe ta biyu zai ba da 14,199.5, ninki biyu na ta biyu a debe ta farko kuma ya ba da 14,203.1. Waɗannan su ne 'ya'yan mataki na uku. Na mataki na biyar za su faɗo a 14,198.3 da 14,204.3, haka abin zai yi ta tafiya da tazarar kilohaz 1.2 a kowane gefe. Duk wanda ya dubi alƙaluman zai ga inda gizo ke saƙar: 'ya'yan suna manne da iyayensu. Babu matacin da zai iya ɗaukar wat dubu kuma ya raba 14,201.9 da 14,203.1. Saboda haka ba a tace su, hana haihuwarsu ake yi.

Desibel, ga wanda bai saba da shi ba, ma'aunin kwatanci ne: desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfi, 10 ninki goma, 30 kuma ninki dubu. Amfilifayar da 'ya'yanta na mataki na uku suke ƙasa da ƙololuwar ƙarfinta da desibel 30 ana ɗaukarta a matsayin mai dama-dama. Amma idan ƙololuwar wat 1,000 ce, kowane ɗa guda wat 1 ne cur, kuma akwai masu sha'awar da ke tsallaka teku da wat 5 ko ƙasa da haka idan yanayi ya yi kyau. Wato ko lafiyayyar amfilifaya tana da ɗan abin da take zubarwa, balle wadda aka matsa wa.

Akwai wata ƙa'ida da za ta yi amfani a gaba. Muddin na'ura ba ta ƙure ba, duk ƙarin desibel 1 a siginar da aka tura mata yakan ƙara wa 'ya'yan mataki na uku kimanin desibel 3. Haka ma idan aka rage.

3.0 Na'urar da aka ɗauka misali

Kamfanin Heath na jihar Michigan a Amurka ya fito da SB-220 wajejen 1970, yana sayar da ita a warwatse, mai saye ya haɗa da hannunsa. Har yau tana aiki a tashoshi da dama. Zuciyarta kwalabe biyu ne na lantarki samfurin 3-500Z. Kowace kwalba tana da sassa uku: lagwani, wanda ake zafafawa da bolt 5 ya riƙa fitar da ƙwayoyin lantarki, faranti, wanda ke janyo su da matsin da ya kai kimanin bolt 3,000, sai raga a tsakaninsu. A wannan tsari ragar tana haɗe da ƙasa ta fuskar sigina, ta lagwani ake shigar da turi, wato siginar da rediyo ke bayarwa, a ɗebi sakamako a faranti. Da turin da bai wuce wat 100 ba takan fitar da wat dubu ko sama da haka kaɗan. A fuskarta akwai maɓallan murɗawa biyu, na saiti da na lodi, da ma'aunai masu allura da ke nuna kwararar lantarki a faranti da a raga da kuma matsin faranti. Mafi yawan binciken da za a bayyana da waɗannan allurai ake yin sa.

4.0 Kafin a zargi amfilifaya

Matsalar kusan kullum da rahoto take farawa: wani ya ce muryarka ta dushe, ko ta yi faɗi. Matakin farko shi ne tantance rahoton, domin rediyon mai saurare ma yana iya ƙirƙirar jirkicewa a cikinsa. Sigina mai ƙarfin gaske takan cika bakin rediyon karɓa har ta bayyana a wurare da yawa, kuma sashen da ke datse ƙarar tartsatsin injin mota, idan a kunne yake, yakan yayyanka sigina mai ƙarfi ta zama tamkar fantsama. Sai a roƙi mai rahoton ya kashe wannan sashe, ya rage ƙarfin da ke shigo masa da desibel 10 ko 20. Idan faɗin ya ɓace, laifin nasa ne. Haka nan muryar da ta koma kamar ta agwagwa alama ce ta rashin daidaita saitin karɓa, wanda ke ɗaga ko sauke duk sautukan da adadi guda. Wannan ba jirkicewar amfilifaya ba ce.

A yau mutum yana iya zama shaidar kansa. Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan tana da rediyon karɓa da kowa zai iya sarrafawa ta intanet tun 2008, kuma irinsa sun yawaita a ƙasashe da dama. Suna nuna sigina a allo a matsayin zane mai gangarowa, ɗan'uwan hoton sautin da masu nazarin furuci ke samu a manhajar Praat. Tsabtatacciyar murya takan fito kamar ginshiƙi mai kaifin gefe. Jirkitacciya kuwa takan yi gashi a gefunanta a kan kowace gaɓa mai ƙarfi. Gani ya kori ji.

Idan rahoto ya tabbata, sai a kashe amfilifaya a yi magana da rediyon shi kaɗai. Amfilifaya ba ta gyara abin da aka ba ta. Idan makirfo ya yi yawa ko an ƙure na'urar matse murya, ƙazantar da ta shigo ita za ta ninka. Ya kamata a lura cewa ana gwada rediyon ne a daidai ƙarfin da yake tura amfilifayar, domin rediyon da ke aiki da bolt 13.8 yakan fi tsabta a wat 60 fiye da a wat 100.

Gwaji na gaba shi ne a cire eriya a maye gurbinta da eriyar gwaji, wato rizista mai om 50 wadda ke shanye ƙarfin ta mayar da shi zafi ba tare da ta watsa shi ba. Idan jirkicewar ta ɓace a kan eriyar gwaji ta dawo a kan ta gaske, to amfilifaya ba ta da laifi. Abin da ke faruwa shi ne wani kaso na siginar yana gangarowa ta bayan sulken wayar eriya, ya dawo ɗaki, ya shiga ta igiyar makirfo, ya sake zagayowa. Alamominsa sanannu ne: matsalar takan tsananta a zango guda ta yi sauƙi a wani, takan ƙaru da ƙarin ƙarfi, wani lokaci har ƙarfen makirfo yakan ɗan ƙona leɓe. Maganinsa shi ne a naɗa wayar eriya a zoben ferayit a gindin eriyar da kuma inda ta shigo ɗaki, a yi wa igiyar makirfo haka, sannan a haɗa jikin na'urorin da gajeriyar waya mai kauri. Mutane da yawa sun sayi sababbin kwalabe a kan cutar da zobe biyu za su warkar.

4.1 Gwajin sauti biyu

Murya ba ta tsayawa wuri guda balle a auna ta, shi ya sa ake amfani da sautuka biyun da aka yi lissafi da su a sama, 700 da 1,900, masu ƙarfi daidai wa daida. Ana shigar da su ta hanyar makirfo, amfilifaya tana kan eriyar gwaji, a ɗebi ɗan ƙaramin samfuri na abin da ke fita a kai wa osiloskof, na'urar da ke zana siffar igiya a allo. Ba a haɗa ta kai-tsaye, domin wat 1,000 a kan om 50 yana nufin matsin da ƙololuwarsa ta haura bolt 300. Kuma ba a daɗe ana gwajin. Daƙiƙu kaɗan sun isa, sai a bar kwalabe su huce.

Lafiyayyar amfilifaya takan zana jerin ƙulli-ƙulli masu kama da ƙwai a jere, kowanne da zagayayyen kai, kuma inda biyu suka haɗu layukan suna gittawa da kaifi kamar almakashi. Karkacewa daga wannan siffa iri uku ce, kuma kowacce tana nuna inda za a dosa.

Ta farko, wadda ta fi kowacce yawa, ita ce askakken kai: saman ƙwan ya baje kamar an sa wuƙa an yanke. Ma'anarsa amfilifaya ta kai iyakarta alhali turi yana ci gaba da hawa. Dalili na kusa shi ne turi ya yi yawa, kuma a nan ma'aunin wat mai allura yana da hannu. Allura ba ta iya bin saurin murya. Kafin ta motsa gaɓar ta wuce, don haka abin da take nunawa yayin magana sau da yawa ba ya kai rabin ƙololuwar gaskiya. Mai tasha ya ga allura tana lilo a wat 400, ransa ya ɓaci, ya ƙara makirfo don ta kai inda ya ga ta kai lokacin saiti. A daidai nan ya fara aske kan siginarsa. Ko a gwajin sauti biyu ma, matsakaicin ƙarfi rabin ƙololuwa ne.

Ribar da ake nema da wannan matsi ba ta taka kara ta karya ba. Daga wat 800 zuwa 1,000 ƙarin desibel 1 ne kawai, alhali daraja guda a ma'aunin ƙarfin sigina na mai saurare desibel 6 ce. Ba zai ma lura ba. Maƙwabta kuwa, bisa ƙa'idar da aka ambata, za su sami ƙarin desibel 3 na fantsama, ko fiye idan an shiga yankin ƙurewa. A ganin mai wannan rubutu, babu cinikin da ya kai wannan asara a duk harkar.

Sai dai askakken kai yana da dalili na biyu wanda ya fi ɓoyuwa, wato ƙarancin lodi. Maɓallin lodi shi ke daidaita nauyin da farantin kwalba yake gani, kuma nauyin da ya dace ya danganta da ƙarfin da za a yi aiki da shi. Mai taka-tsantsan yakan yi saiti da ƙaramin turi, wat 20 misali, don tausaya wa kwalabe, ya sami kyakkyawan sakamako, sannan ya buɗe turi zuwa wat 90 ya fara magana. Saitin da ya dace da wat 20 ya yi wa wat 90 sauƙi ƙwarai. Matsin faranti zai riƙa faɗuwa har ƙasa tun kafin gaɓa ta kai ƙololuwa, ƙwayoyin lantarkin da faranti ya kasa janyewa su koma kan raga. Shi ya sa allurar raga ita ce mafi gaskiyar shaida a fuskar na'urar: idan tana zabura sama da kima, ƙarfin fita kuma ba ya ƙaruwa, lodi ya yi kaɗan. A irin wannan hali ne kuma ake jin tartsatsi a cikin kwandansan saiti. Ƙa'idar ita ce a kammala saiti a kan cikakken turin da za a yi aiki da shi, cikin gajerun bugu, sannan a ɗan ƙara lodi har kwararar raga ta sauko, ƙarfin fita ya ragu da ɗan abin da bai kai a damu ba. Bayan haka sai a rage turi kaɗan. Ana saiti a sama a sauko, ba a saiti a ƙasa a hau.

Wasu sukan dogara da wayar da ake kira ALC, wadda ke mayar wa rediyo saƙo ya rage turi idan amfilifaya ta kusa ƙurewa. Tana da amfani a matsayin birki na gaggawa. Amma sai ƙololuwa ta riga ta wuce take ba da labari, don haka farkon kowace kalma yakan tsere mata, kuma yawan ja da saki da take yi shi ma wata jirkicewar ce.

Siffa ta biyu tana bayyana ne a mahaɗar ƙwai. Maimakon gittawa mai kaifi, sai a ga layukan sun tsuke sun kwanta kafin su sake buɗewa. Wannan yana nufin kwalabe ba sa amsa ƙananan sigina. Miƙaƙƙiyar amfilifaya dole ta kasance tana jan 'yar kwarara ko babu turi, kamar injin mota da aka bari yana aiki a tsaye. Wannan ita ce kwararar jira. Ana duba ta cikin sauƙi: a danna maɓallin aikawa ba tare da magana ba, a karanta allurar faranti, a gwada da abin da littafin na'urar ya faɗa. Idan ta yi ƙasa sosai, murya takan fito da kaushi, musamman a sassanta masu taushi, kuma rage turi ba ya gyara ta, yana ma iya ƙara fito da aibin. Wannan bambanci yana da muhimmanci wajen ganewa: jirkicewar ƙololuwa tana sauƙi idan an rage turi, ta gindi ba ta yi. A SB-220 akan duba bakin rilen da ke sauya kwalabe daga hutu zuwa aiki, domin idan ya yi datti ba ya sakin su gaba ɗaya. Idan kuwa kwararar jira ta yi yawa, farantai suna ja fiye da kima, akan zargi diyod ɗin zena da ke riƙe da matsin, wanda kan mutu ya zama gajeriyar hanya.

Siffa ta uku ita ce ƙwai su riƙa rawa, ko gefensu ya yi kauri biyu. Wannan gurnani ne daga wutar da ke ciyar da faranti.

4.2 Wuta da tsufa

Matsin bolt 3,000 yana taruwa ne a cikin kwandansa takwas da aka jera bi-da-bi. Irin waɗannan kwandansa suna da ruwa a ciki, kuma shekaru da zafi suna busar da shi. Idan sun bushe, sai mai saurare ya ji gurnani mai kaɗawa 100 a daƙiƙa a ƙarƙashin murya a ƙasashen da wutarsu ke kaɗawa 50, ko 120 a Amurka inda take kaɗawa 60. Allurar matsin faranti kuma takan faɗi sosai da zarar an yi magana. Faɗuwa kaɗan al'ada ce. Mai yawa tana rage rufin da sigina za ta iya kaiwa, sai askakken kai ya bayyana a ƙarfin da a da yake lafiya.

Kafin a yanke wa kwandansa hukunci ya kamata a auna wutar bango yayin aikawa. A ƙololuwar murya na'urar tana jan abin da ya kusa amfiya 10 daga layin bolt 230. Siririyar waya mai tsawo, ko ƙaramin janareta, ba za su riƙe wannan ba, kuma wannan lamari ne da duk mai kafa tasha a inda wuta ba ta da tabbas zai yi karo da shi. Faɗuwar wutar bango tana cutarwa ta hanya biyu, domin tana rage matsin faranti kuma tana sanyaya lagwani, lagwanin da bai yi zafi sosai ba kuwa ba ya iya ba da ƙwayoyin da ƙololuwa ke bukata. Ƙurar hunturu ma tana da nata rabon: idan ta taru a tsakanin faifan kwandansan saiti takan buɗe wa tartsatsi hanya, ta kuma toshe iskar da ke sanyaya kwalabe.

Kwalabe su kansu suna tsufa. Alamar ita ce ƙarfin fita ya ragu a duk zanguna, kwararar faranti ta kasa kaiwa inda ta saba ko an ƙara turi. Tunda kwalaben gilashi ne, ana iya leƙa su ta ramukan murfi: idan farantin ɗaya ya yi ja ɗayan yana duhu, guda ce ke ɗauke da kayan biyu. Allurar raga da ke komawa baya da sifiri kuwa takan nuna raga ta taɓa lagwani a cikin ɗaya daga cikinsu. Akwai kuma da'irar shiga, wadda ke tsakanin rediyo da lagwani. Kwalba tana jan turi ne a wani ɓangare na kowane zagaye kawai, kuma wannan da'ira ce ke daidaita nauyin don rediyo ya ga om 50 a kowane lokaci. Idan ta kauce, rediyon ne zai jirkita tun kafin sigina ta shiga kwalba, ko da yake shi kaɗai lafiya lau yake.

Duk abin da ya wuce nan yana bukatar buɗe murfi, kuma wajibi ne a faɗi magana a fili: bolt 3,000 yana kisa nan take, ba ya ba da dama ta biyu. Kashe na'ura bai isa ba, domin kwandansa suna riƙe caji, kuma rizistocin da aka sa su zubar da shi suna iya yankewa ba tare da wata alama ba. A zare fulogi daga bango, a jira allurar matsi ta sauka sifiri, sannan a taɓa kan faranti da sanda mai rufaffen mariƙi wadda aka ɗaure wa wayar da ke haɗe da jikin na'urar. Wanda bai taɓa yin wannan aiki ba ya nemi wanda ya saba su yi tare.

4.3 Kaɗawar kauci

Akwai wata cuta da ba ta bin tsarin da aka zayyana. Gajerun wayoyin da ke cikin amfilifaya, tare da sassan kwalba, suna iya haɗuwa su zama wata da'ira da ba a yi niyya ba, mai kaɗawa a can sama da megahaz 100. Idan hali ya ba ta, amfilifaya takan fara haifar da sigina ta kanta a wannan wuri, tana shan ƙarfin da aka tanada don murya. An kira ta kaɗawar kauci a nan saboda kamarta da tsiron da ke rayuwa a jikin wata bishiya. Alamunta ba su da tsari: allurai su yi tsalle ba dalili, murya ta yage a wasu gaɓoɓi kawai, wani lokaci a ji ƙara kamar harbi. Don hana ta ne ake sa 'yar rizista da aka naɗe da kwayil a kan kowane faranti. Rizistar tana shan zafi, musamman a zangon mita 10, kuma da shekaru ƙimarta takan hau har ta daina aiki, ko da a ido lafiya take. Sai an cire ƙafarta guda an auna ake sani.

Masana fannin ba su haɗu a kan girman wannan matsala ba. Richard Measures ya yi rubuce-rubuce a mujallar QST yana ɗora mata alhakin yawancin ƙonewar sassa, yana kuma ba da shawarar a yi kwayil ɗin da waya mai turjiya. Wasu injiniyoyi sun musanta, suna cewa mafi yawan abin da ake kira kauci ƙarancin lodi ne, ko iskar da ta shiga kwalba, ko rilen da ke sauyawa alhali sigina ta riga ta iso. Ga mai bincike, amfanin muhawarar shi ne ta tsara masa jeri: ya tabbatar da lodi da lokacin rile tukuna, ya auna rizistocin, sannan ya yi maganar sauya tsari.

5.0 Amfilifayar zamani

Sababbin amfilifayoyi da yawa sun bar kwalba sun koma taransista samfurin LDMOS masu aiki da kimanin bolt 50. Ba su da maɓallin saiti ko na lodi, don haka kuskuren da aka daɗe a kansa a sama bai shafe su ba. A madadinsa sun fi kwalba rashin haƙuri. Taransistar kanta wat kaɗan take bukata, kuma turin da ya wuce kima na ɗan ƙiftawar ido yana iya kashe ta. Tunda ba za a iya daidaita ta da eriya ta hanyar murɗa maɓalli ba, eriyar da ta kauce daga om 50 takan sa ta ƙure da wuri. Kwararar jiranta kuma tana sauyawa da zafi, shi ya sa wadda ta fara aiki da tsabta da safe za ta iya jirkicewa bayan doguwar hira idan fanka ta gaza. Gwajin sauti biyu da karatun siffofinsa uku suna nan yadda suke.

Wasu rediyoyin da kwamfuta ke sarrafawa suna da dabarar ɗebo samfuri daga bakin amfilifaya, su auna lanƙwasarta, su lanƙwasa turin ta kishiyar fuska tun kafin ya shiga, yadda biyun za su soke juna. Manhajar PureSignal ta Warren Pratt ita ce ta fi shahara a wannan, kuma tana sauke 'ya'yan cuɗanya ƙasa ƙwarai. Amma tana gyara lanƙwasa ne kawai. Idan amfilifaya ta kai rufinta, babu lissafin da zai samar da wat ɗin da wutar ciyarwa ba ta da shi, don haka ko da ita sai an bar tazara tsakanin ƙololuwar murya da iyakar na'urar.